Golf ɗina tana misin, silinda ta uku ta ƙi cin wuta

Direban Taura: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena masu sana'a, shawara nake nema. Golf 3 ce doguwa mai inji 1.8, wadda aka cire wa injekta aka sa kafireto tun kafin ta zo hannuna. Da ita nake jigilar 'yan kasuwa, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari. Yau kwana 9 ke nan tana misin, wato injin ba ya bugawa daidai. A sulo sai ta riƙa karkarwa har madubi na rawa, in na yi lodi na hau burji kamar ana jan ta ta baya, salansa kuma sai warin ɗanyen fetur. Da sassafe abin ya fi tsanani, in rana ta take yakan ɗan lafa amma ba ya tafiya duka. Na sa an canza fulogi huɗu, ba abin da ya sauya. Jiya muka riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Ta ɗaya da ta biyu da ta huɗu, kowacce ka zare sai injin ya yi ƙasa kamar zai mutu. Ta uku kuwa ko gezau. An ce mini kwayil ne, mai tara wa fulogi wuta, in je in saya. Motar ta kawuna ce, kuma ba na so in kai masa lissafin da ba zai yi magani ba. Me kuka gani?

Bakaniken Gumel: Wa alaikumus salam. Wanda ya ce maka kwayil bai yi ƙarya ba. Tun da ka canza fulogi abin bai tafi ba, me ya rage? Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, yawancin waɗanda ke hanyoyinmu kwayil ɗinsu ya gaji. Ka samo ɗan Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa ka huta.

Baba Rewaya, Ringim: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sayi komai tukuna. Buɗe bonat ka faɗa mini: wayoyin nan huɗu, daga ina suka fito? Daga murfin distiributa mai hanci biyar, ɗaya a tsakiya huɗu a kewaye, ko daga wani baƙin akwati da ke ɗaure a jikin inji?

Direban Taura: Daga distiributa ne Baba. Ta tsakiyar ita ce ta tafi wajen kwayil.

Baba Rewaya, Ringim: To madalla. Malam na Gumel, ina ganin girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Kwayil ɗaya ne tal a motar nan, shi ke ciyar da silinda huɗun gaba ɗaya. Shi bai san ta ɗaya ba, bai san ta uku ba. Aikinsa ya tara wuta ya sake ta ta waya ɗaya zuwa tsakiyar murfi, roto kuma ya juya ya raba wa kowa nasa. In inji na sulo a juyi 900 a minti, kwayil na sakin wuta sau 1,800, kowace silinda ta sami 450. Ta yaya zai riƙa zaɓar na silinda ta uku kaɗai yana hanawa, sauran yana ba su daidai? Duk abin da ke aiki kafin a raba wutar, wato kwayil da modul mai ba shi umarni da wayar tsakiya da gawayin murfi da roton kansa, na kowa ne. In ɗayansu ya lalace duk gidan ne zai ji. Abin da silinda ta uku ta mallaka ita kaɗai guda uku ne: fuloginta, wayarta, da hancinta a jikin murfi. A nan za a fara nema.

Bakaniken Gumel: Baba ban ƙi taka ba, amma ni da hannuna na canza kwayil a mota mai misin a silinda ɗaya ta warke. Ba sau ɗaya ba.

Baba Rewaya, Ringim: Na yarda ka gani, kuma ga dalilinsa. In kwayil ya yi rauni, silindar da ta fi wuyar kunnawa ita ke fara kasawa, misali wadda bakin fuloginta ya fi buɗewa ko wayarta ta fi gajiya. Ka sa sabon kwayil mai ƙarfi ya tsallake matsalar, mota ta yi shiru, amma ciwon na nan a inda yake. Yaron nan kuwa fuloginsa sababbi ne duka huɗu, kuma uku na aiki garau. Shi ya sa na sa kwayil a ƙarshen layi, ban cire shi daga layin ba.

Malamin sana'a, Kazaure: Ku ba ni dama in koma baya kaɗan, domin akwai tsanin da aka tsallake. Ɗan'uwa Direba, zare waya da ka yi bai nuna cewa babu wuta ba. Abin da ya nuna kawai shi ne silinda ta uku ba ta aiki. Silinda na buƙatar abu uku kafin ta buga: mai da iska, matsi, da wuta a kan lokaci. In bawul ya ƙone ko gasket ya huje matsi ya zube, za ka zare waya ka ga ko gezau, alhali wuta na zuwa lafiya lau. Na sha ganin ɗalibai sun kwana a kan wayoyi, ashe bawul ne. Ka kwance fulogin nan na uku ka faɗa mana kamanninsa. Jiƙe yake ko busasshe? In jiƙe ne, fetur ne ko baƙin mai?

Direban Taura: Na kwance shi yanzu Malam. Jiƙe yake sharkaf, warin fetur yake. Bakinsa tas kamar ba a taɓa sa shi ba. Na biyu da na kwance don in kwatanta, shi ya bushe, ya fara yin ruwan ƙasa.

Malamin sana'a, Kazaure: Wannan ya nuna mai na isa amma ba ya ƙonewa. Kuma tun da kafireto ɗaya ke ba su duka, da ma ba a sa ran mai ya yanke wa silinda ɗaya. Saura wuta da matsi. Wuta ta fi sauƙin gwadawa, a fara da ita.

Mai Korola, Dutse: Ni dai tawa da ta yi irin wannan, kwamfuta aka sa mata ta nuna P0303, aka canza kwayil ɗaya shi ke nan. Me zai hana ya kawo ta Dutse a sa mata kwamfuta a daina lalube a duhu?

Baba Rewaya, Ringim: Alhaji, taka daban ce. Korola irin ta 2003 zuwa sama kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa, guda huɗu. A irin wannan, e, kwayil ɗaya kan mutu ya kashe silinda ɗaya, kuma shi ne abin da aka fi samu. Tasa kuwa an cire injekta, ba abin da kwamfuta za ta karanta. Kuma ko a taka, P0303 cewa kawai take silinda ta uku na misin, ba ta ce kwayil ba. Nozul mai fesa fetur ma na iya kawo ta, fulogi na iya kawo ta. Mai hankali sai ya ɗauke kwayil na uku ya kai kan ta ɗaya, ya goge lambar ya sake tayarwa. In ta koma P0301, ciwon ya bi kwayil, sai a saya da kwanciyar rai. In ta tsaya a P0303, ka tsira da kuɗinka.

Mai Korola, Dutse: Wallahi ba a yi mini wannan musayar ba Baba. Allah ya sa dai aka dace.

Yaron gareji, Wudil: Oga, don Allah ina da tambaya, ni mai koyo ne. A garejinmu an kawo Fijo 406, maigidana ya ce kwayil ɗinta biyu ne a haɗe, ba huɗu ba kuma ba ɗaya ba. Ita yaya ake gane nata?

Baba Rewaya, Ringim: Tambaya mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Wannan tsari na uku ne. Ba distiributa, kwayil biyu ne, kowanne na riƙe da silinda biyu: ɗaya na ta 1 da ta 4, ɗaya na ta 2 da ta 3. Dalili, fistin na 1 da na 4 tare suke hawa tare suke sauka, haka na 2 da na 3. In kwayil ya saki wuta, fulogi biyun ne ke tartsatsi lokaci guda, ɗaya ya kunna mai, ɗayan ya tafi a banza cikin hayaƙin da ke fita. To in ka ga silinda biyu 'yan tagwayen nan sun mutu tare, duba kwayil ko wayar da ke ba shi umarni daga birenbos, wato kwamfutar motar. In ɗaya ce kaɗai ta mutu abokiyarta na aiki, koma kan fulogi da abin da ke kai masa wuta, ko ka duba ko bakin kwayil na wannan ɓangaren ya tsage yana zubar da wuta. Kafin ka taɓa sifana a kowace mota, fara sanin wane tsari ne a gabanka cikin ukun nan.

Yaron gareji, Wudil: Na gode Baba, na rubuta a littafina.

Direban Taura: Baba na gwada wutar. Na sa fulogin a waya na kwantar da shi a jikin inji, yarona ya yi kik. Wani lokaci yana ba da ɗan tartsatsi ja-ja siriri, wani lokaci ba komai. Da na yi haka da wayar ta biyu, tartsatsi shuɗi ne mai ƙara, tas tas tas. Yanzu kaina ya ɗaure. Tun da yana ɗan bayarwa, ko ba wutar ba ce?

Malamin sana'a, Kazaure: Ita ce. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tartsatsi a sarari abu ne mai sauƙi, domin iskar waje ba a matse take ba. A cikin silinda fistin ya matse iska da mai ninki wajen tara ko goma, kuma iskar da aka matse ta fi ƙin barin wuta ta ƙetare. Batir volt 12 yake bayarwa, kwayil ya ɗaga shi zuwa dubbai, har sama da 20,000 in an buƙata. A waje kaɗan daga ciki ya isa ya tsallake bakin fulogin da bai kai milimita ɗaya ba. A ciki sai an ninka. Wutar kuma ba ta da haƙuri, duk inda ta sami hanya mafi sauƙi zuwa jikin inji nan take bi. In akwai wata kafa a hanya, da zarar matsi ya sa bakin fulogi ya yi mata wuya sai ta sulale ta can. Saboda haka ɗan jan tartsatsin da ka gani a waje, a cikin silinda babu shi kwata-kwata.

Shugaban zaure: Ina so in ja kunne a nan kafin a ci gaba. Wanda zai yi gwajin nan kada ya riƙe waya da hannu, ya sa filaya mai roba. Kada a kwantar da fulogi dab da ramin da aka ciro shi, domin silindar nan cike take da fetur, in aka yi kik zai feso, ga tartsatsi a gefe. Mun san garejin da ya ƙone ta haka. Sannan zare waya a bar ta a iska inji na aiki yana wahalar da kwayil da modul, wutar ba ta da inda za ta, sai ta nemi hanya a cikinsu. In dole ne a zare, a kusantar da bakinta jikin inji nan take. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuwa kada ma ya matso.

Direban Taura: Na ji Shugaba, Allah ya saka. Gaskiya jiya da hannu muka yi, ta kuwa fizge ni har kafaɗa a waya ta ɗaya.

Baba Rewaya, Ringim: A ta ukun fa, ta fizge ka?

Direban Taura: A'a Baba, ɗan tsiri-tsiri kawai na ji.

Baba Rewaya, Ringim: To ka ga. Yanzu abu uku muka ce, za mu tankaɗe su ɗaya-ɗaya ba tare da ka kashe ko sisi ba. Na farko, ɗauki fulogin ta biyu mai aiki ka sa a wayar ta uku ka gwada. Sabo ba ya nufin lafiyayye, kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan NGK da Bosch, kuma ko na gaske in ya faɗi ƙasa farin tangaran ɗinsa na iya tsagewa. Na biyu, musanya wayar ta biyu da ta uku, tsayinsu kusan ɗaya ne. Amma ka ji da kyau: duka bakin biyu za ka musanya, na wajen fulogi da na wajen murfi. In ka musanya baki ɗaya kawai ka rikita jerin wuta. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka tayar, ka saurara, sannan ka taɓa na gaba. In ka canza biyu tare ta gyaru, ba za ka san wanne ne ba.

Mai injin ban ruwa, Auyo: Ni ba ni da mota amma ina bin maganar nan da kyau. Injinmu na fadama silinda ɗaya ne, in ya ƙi tashi sai mu ara fulogi a wurin maƙwabci mu gwada kafin mu tafi Hadejia saye. Ashe dabarar ɗaya ce.

Baba Rewaya, Ringim: Ita ce dai. Bambancin kawai, mai silinda huɗu maƙwabtansa uku na cikin bonat ɗinsa.

Direban Taura: Na dawo. Fulogin ta biyu a wayar ta uku: rauni dai, kamar da. Fulogin ta uku da na busar na sa a wayar ta biyu: shuɗi tas. Sai na musanya wayoyin baki biyu kamar yadda kuka ce, na tayar. Misin na nan, kuma ta ukun ce dai har yanzu. Ta biyu na aiki da wayar da na ɗauko daga ta uku.

Bakaniken Gumel: To fulogi ya fita, waya ta fita. Murfin fa, an duba shi?

Direban Taura: Wanda ya canza mini fulogi ya buɗe ya leƙa ya ce lafiya lau.

Baba Rewaya, Ringim: Leƙe ba dubawa ba ne. Ɓalle ƙugiyoyin nan biyu ka ciro murfin gaba ɗaya, amma kafin nan ka yi wa kowace waya alama. Goge cikinsa da tsumma busasshe, ka kai shi rana ko ka haska da tocilar waya a karkace. Abin da kake nema siririn layi ne baƙi ko toka-toka, kamar an ja da fensir, ko kamar jijiyar ganye, da ya taso daga ƙarfen hancin ta uku ya gangara zuwa gindin murfi. Wannan sawun wuta ne. In ta bi wurin sau ɗaya takan ƙona robar ta zama gawayi, gawayi kuma na ɗaukar wuta, sai hanyar ta zama tata kullum. Sannan leƙa cikin hancin ta waje inda waya ke shiga, ko ya yi tsatsa kore ko fari. Abin da ya sa tun farko hankalina ke wurin nan shi ne maganarka cewa da sassafe ya fi tsanani. Damina ake, raɓa na kwana a cikin murfi, danshi da ƙurar burji in sun haɗu a cikin tsaga sun zama waya. Rana ta yi, inji ya yi zafi, ya ɗan bushe, sai ka ji sauƙi. Kwayil mai ciwo akasin haka ya fi yi, da sanyi lafiya, in ya ɗau zafi ya fara yankewa.

Tsohon direban 504, Ɓaɓura: Malam na Ringim, ka ce abu uku, ni zan ƙara na huɗu don yaran nan su sani. A zamaninmu na Fijo 504 mai kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu da in sun buɗe kwayil ke sakin wuta, sandar distiributa na da kusurwa huɗu masu buɗe kwantak ɗin, kowace kusurwa ta silinda ɗaya. In bushin sandar ya cinye tana lilo, sai ka ga kusurwa ɗaya ba ta buɗewa sosai, silinda ɗaya ta rasa wuta alhali murfi da waya lafiya. Na taɓa kwana biyu a hanya saboda wannan.

Baba Rewaya, Ringim: Gaskiyarka Yaya, na karɓi gyara. Tasa ba kwantak, firikwensin maganaɗisu ne da faranti mai taga huɗu, amma in sandar na lilo ko farantin ya lanƙwashe hakan na iya faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Ɗana, tun da murfin na hannunka, kama roton ka girgiza shi gefe da gefe. Bai kamata ya yi wasa sosai ba.

Direban Taura: Allahu akbar. Baba ga shi na gani. Layin na nan kamar yadda kuka faɗa, daga ƙarfen ta uku ya gangara har bakin murfi daidai inda ƙugiya ke kamawa. Sai da na karkata shi a rana sannan ya fito. Da na sa farce na ji tsaga ce. Cikin hancin kuma kore shar. Roton ba ya lilo, amma bakinsa ya yi baƙi ya ɗan cinye.

Malamin sana'a, Kazaure: Ka ga hanyar da take bi ke nan. Ƙugiyar ƙarfe ce, a jikin distiributa take, distiributa kuma a jikin inji. Wutar ta uku tana isowa hancin sai ta gangara ta tsagar ta shige ƙugiya, ba ta kai fulogi ba.

Bakaniken Gumel: Gani ya kori ji. Baba na sallama, yau na ƙaru. Amma ina da magana ɗaya. Yaron nan gobe Alhamis, Maigatari zai je. A kankare layin da wuƙa a shafa masa gam ko jan farce, zai kai shi ya dawo. Mun sha yi.

Baba Rewaya, Ringim: In a daji ta tsaya maka da dare, yi hakan ka iso gida, ban hana ba. Amma in sawu ne kawai a sama. Wannan tsaga ce ta ratsa roba, danshi zai koma ciki. Kuma mutum zai ɗauki rayuka da kaya ya nufi bakin iyaka. Murfi da roto ba su kai kuɗin kwayil ba. Ya saya su tare, ya tafi da tsohon a hannu don a gwada masa, domin distiributar da ake sa wa Golf ɗin da aka mayar kafireto ba iri ɗaya ba ce, wani murfin zai yi kama amma ba zai zauna ba. Ya duba gawayin tsakiya na sabon yana shiga yana fitowa a kan sifirin ɗinsa.

Malamin sana'a, Kazaure: Ni abin da ke damuna shi ne me ya tsaga murfin tun farko, don kada sabon ma ya bi sawu. Direba, tsofaffin fulogin da aka cire, yaya bakinsu yake? Kuma kana wanke inji da ruwa?

Direban Taura: Bakinsu ya buɗe sosai Malam, ƙarfen tsakiyar ya cinye ya zama kamar kan allura. Tun da na karɓi motar ban canza su ba sai yanzu. Inji kuma yarona na watsa masa ruwa duk ranar da muka dawo daga kasuwa, saboda ƙura.

Malamin sana'a, Kazaure: To ga su nan biyu. Fulogi mai faɗin baki na tilasta wa wuta ta hau sama kafin ta tsallake, wannan hawan shi ke matsa wa murfi da wayoyi har ta huda inda ya fi rauni. Ruwan sanyi a kan roba mai zafi kuma na tsaga ta. A daina watsa ruwa a distiributa, tsumma ya isa. In ka sami mai mita, a auna wayoyin huɗu. Na asali na Volkswagen kan nuna wajen om 6,000 kowacce, om ɗin shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Ba lambar ce ta fi muhimmanci ba, a ga dai sun yi kusa da juna. Wadda ta yi nisa da 'yan'uwanta ko ta ƙi nuna komai, a canza ta. Bakin wayar da ta zauna a koren hancin nan kuma a goge shi sosai.

Direban Taura: Jama'a a taimaka. Na je Ringim na samo murfi da roto, na ɗaura. Yanzu motar ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai harbi take ta kafireto, fau fau, har da wuta. Ko sabon ma jabu ne?

Baba Rewaya, Ringim: Dakata da kik ɗin nan kada ka tayar da gobara. Alamar da na ce ka yi wa wayoyi, ka yi?

Direban Taura: Na yi da alli Baba, amma wajen goge bakinsu ta goge. Sai na jera su 1, 2, 3, 4 a kewaye.

Baba Rewaya, Ringim: Murfinka lafiya, jerin ne ba haka ba. Injin nan 1-3-4-2 yake bugawa. Silinda ta ɗaya ita ce ta wajen bel ɗin taimin, daga nan kake ƙirgawa zuwa wajen giya. Cire murfin ka duba bakin distiributa, akwai ɗan tsagi da aka yi a ƙarfen, hancin da ya zauna a kansa shi ne na ta ɗaya in ba a taɓa juya ta ba. Sa yaronka ya ɗan taɓa kik kana kallon roto ka ga ta ina yake juyawa. Daga hancin ta ɗaya ka bi wannan juyin: na gaba ta uku, na gaba ta huɗu, na ƙarshe ta biyu. Kowace waya ka danna ta har ka ji ta zauna.

Direban Taura: Alhamdu lillahi! Kik ɗaya ta tashi. Sulo ya zauna lum, madubi ya daina rawa, warin nan ya tafi. Na zagaya da ita har bakin kwalta na dawo, tana ja kamar ba ita ba. Baba, Malam, Yaya na Ɓaɓura, Oga na Gumel, Shugaba, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na kai wa kawu tsohon murfin ya ga tsagar da idonsa.

Bakaniken Gumel: Amin. Ka lissafa man da ka ƙona a kwana taran nan. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kafireto ke bayarwa ta salansa yake fita ɗanye, ga ƙarin totur da kake takawa don ta ja. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba direban da zai iya ɗaukar wannan asarar.

Baba Rewaya, Ringim: Amin ɗana. Saura aiki ɗaya kafin ka yi lodi. Ba duk fetur ɗin ne ya fita ta salansa ba, wani ya wanke bangon silinda ya gangara ta gefen ringi ya shiga baƙin mai. Zaro sandar awo ka shinshina. In kana jin fetur, ko man ya tsinke kamar ruwa, ko ya haura alamar sama, juye shi yau ka canza har da filta. Kuma gobe da asuba, kafin rana ta fito, tayar da ita cikin raɓa ka saurara, domin a lokacin ne da take fi yin ciwon.

Direban Taura: Na shinshina Baba, fetur ne sosai, kuma ya haura alama da kusan faɗin yatsa. Yarona ya tafi sayo mai da filta yanzu, kafin magariba za mu juye. Gobe in na idar da sallar asuba zan tayar da ita in faɗa muku abin da na ji.